Yadda Ake Haɗa Kayan Shafawa da Garin Kolajin Kifi Ba Tare da Ya Lalace Ba

Garin kolajin kifi ya shigo hannun masu haɗa mai a Kano da ƙarfinsa. Masu sayar da kayan haɗi suna auna shi a ƙananan ledoji, wasu suna odarsa daga Legas, masu gyaran jikin amare kuma sun fara barbaɗa shi a kusan duk abin da suka dama. Kaya ne mai kyau, muna kuma son a yi amfani da shi. Sai dai akwai abin da yawancin masu haɗawa ba su riƙe ba, shi ne wannan garin abinci ne. Furotin ne da aka ciro daga fatar kifi da ɓawonsa. Muddin yana bushe lafiya lau ne, amma da ya taɓa ruwa hukuncinsa ya koma na romo, kuma kowa ya san abin da zafin Afrilu yake yi wa romon da ya kwana ba a ɗumama ba.

Abin da ke cikin ledar

Kolajin shi ne igiyar da ke ɗaure jiki. Shi ne ganda, shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce, shi ne kuma majema suke jemewa fata ta daɗe ba ta ruɓe ba. A yadda Allah ya halicce shi, zare uku ne aka tufke wuri guda, nauyin ƙwaya ɗaya ya kai kusan dalton 300,000 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne). Idan aka dafa shi tufkar ta warware, ya zama jelatin. Idan aka ƙara da sinadaran narkar da furotin suka daddatsa jelatin ɗin ƙanana-ƙanana, sai a sami feftayid, masu nauyin dalton 1,000 zuwa 5,000 galibi. Wannan na ukun shi ne garin da muke magana. Yana narkewa a ruwan sanyi kuma ba ya daskarewa.

A riƙe waɗannan alƙaluma, domin su ne suke raba gaskiya da talla. Saman fata katanga ce, kuma abin da ya wuce dalton 500 da wuya ya ratsa ta. Ke nan mafi yawan garin a sama yake tsayawa. Aikinsa a nan shi ne ya kama ruwa ya riƙe, ya shimfiɗa wani siririn mayafi a kan fata, sai kaushi ya ragu, fata ta yi laushi, ƙananan layukan da bushewa ke jawowa su lafa. A garin da hunturu ke tsage leɓe da dunduniya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ba ya nutsewa ya maye gurbin kolajin da shekaru suka cinye, ba ya goge nankarwa, ba ya sa fari. Idan mai saye ta tambaya, a gaya mata kai tsaye: “Hajiya, wannan na laushi ne da danshi, ba na haske ba ne.” Wadda ta saya a kan haka za ta dawo.

Dalilin fifita na kifi a wurinmu a bayyane yake. Kolajin da ke kasuwar duniya daga fatar shanu da ƙashinsu, ko fatar alade, ko kifi ake yin sa. Na shanu sai an tambayi yankan, na alade babu magana, kifi kuwa bai buƙatar yanka. Masana'antu suna amfani da fata da ɓawon karfasa sosai, da kifayen ruwan sanyi irin wanda ake busarwa a kawo mana a matsayin fanla.

Wasu suna tambaya ko za su iya tara fatar karfasa ko tarwaɗa daga wajen 'yan kifi su yi nasu a gida. Abin da tukunya za ta bayar romon jelatin ne, mai kitse da ƙarni. A masana'anta sai an jiƙa fatar a ruwan soda mai rauni an cire wasu furotin, an jiƙa ɓawon a asid an cire ƙarfinsa, an daddatsa da sinadari a zafin da aka ƙayyade, an tace da gawayi na musamman don kashe ƙarni, sannan a fesa a iska mai zafi ya bushe ya zama gari. Babu ɗayan waɗannan da za a yi daidai a madafin gida. A saya kawai.

Saye da gwaji

Kada a sayi kilo. A kashi 2 cikin ɗari, giram 100 na gari zai yi kilo 5 na kaya, wato kwalba 100 masu giram 50. Kilo guda kuwa sai ya shekara yana shan danshin damina.

A nemi takardar gwajin kaya daga dillali, wadda suke kira COA. A duba abu biyar: an rubuta kifi ne asalinsa, furotin ya kai kashi 90 ko fiye, danshi bai wuce kashi 8 ba, an faɗi matsakaicin nauyin ƙwaya, sannan lambar da ke takardar ta yi daidai da ta jikin buhun. Sunan da za a gani a jikin kayan kwalliya shi ne Hydrolyzed Collagen. Dillalin da ya ce bai san zancen takarda ba, a ƙara kaffa-kaffa da kayansa.

Ko da takarda ko babu, a gwada kafin a zuba a kaya. A auna giram 2 a barbaɗa a kan ruwan sanyi giram 20 cikin kofin gilashi, a juya. Na ƙwarai zai fara tashi da 'yar kumfa, cikin 'yan mintuna ya narke tas, ruwan ya zama garau ko ya ɗan yi kalar ruwan shayin da bai jiƙu ba. Idan ya yi fari kamar madara ko wani abu ya kwanta a ƙasa, an yi masa haɗi. A raba ruwan biyu. Rabi a sa a firji ko cikin ƙanƙara awa biyu, in ya daskare ko ya yi kauri kamar kamu, jelatin aka sayar. Ɗaya rabin a ɗiga masa aidin ɗigo ɗaya, in ya koma shuɗi mai duhu akwai sitaci a ciki. Sannan a ɗebi ɗan gari a bakin tsohon cokali a ɗora a wuta. Furotin ƙaurin babbaka yake yi, irin na gashi, in kuwa ƙamshin sukarin da ya ƙone ya fi yawa, an cika shi da dangin sukari. Ɗan ƙarni kaɗan idan an kai hanci ba laifi ba ne. Ƙarnin da ke tarar mutum tun daga buɗe leda alamar ba a tace shi da kyau ba ne, kuma turare ba zai rufe shi ba, sai dai su haɗu su yi wani wari na daban.

Kayan aiki

Sikeli mai auna har 0.01 na giram, irin na masu sayar da gwal. Wannan ba abin sassauci ba ne. Cokali ɗaya na wani garin ya kusa ninka nauyin na wani, maganin hana lalacewa kuma tsakanin ya yi aiki da ya ƙona fuska bai wuce 'yan ɗigo ba. Sai ma'aunin zafi, takardar gwajin pH (ma'aunin tsami, ƙaramar lamba ita ce ta fi tsami) mai nuna tsakanin 4 da 7 ko na'urarsa, kofunan gilashi masu jure zafi, cokulan silba marasa tsatsa, ƙaramin maburgi mai batir, da bilendar hannu in haɗin ya kai giram 300. A bar tukunyar dalma da muciyar katako a madafi.

A wanke komai da sabulu, a ɗauraye, a fesa sifirit mai ƙarfin kashi 70, a bari ya bushe da kansa. In mai ƙarfin 95 aka samu, a haɗa kashi uku nasa da kashi ɗaya na ruwa. Har da kwalaben da murafensu da bututun famfon. A ɗaure kai, a sa safar hannu, a rufe taga, musamman lokacin ƙura.

Ruwa kuma sai wanda aka tace ta hanyar tururi, na ɗakin gwaje-gwaje ko na masu kayan haɗi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ƙarfe masu sauya kala da saurin tsufar da mai, ruwan leda kuma an yi shi don sha ne a ranar, ba don ya zauna wata uku a kwalba da furotin ba. A guji wanda ake sayarwa don batir, domin wani da asid a ciki.

Haɗi na farko: ruwan shafa fuska, giram 100

Ruwa, giram 91.6
Garin kolajin, giram 2
Giliserin, giram 4
Fantenol (dangin bitamin B5), giram 1
Zantan gam (garin sa kauri), giram 0.3
EDTA, giram 0.1
Euxyl PE 9010 (maganin hana lalacewa), giram 1

A tafasa ruwa fiye da abin da ake buƙata, a rufe, a bari ya sauko ƙasa da digiri 40, sannan a auna 91.6. In aka auna kafin tafasawa, tururi zai tafi da wani abu lissafin ya karkace. A narkar da EDTA. Aikinsa ya kama ɓurɓushin ƙarfe ya kuma taimaki maganin hana lalacewa.

A barbaɗa kolajin a saman ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. In aka juye shi gaba ɗaya zai dunƙule, waje jiƙe ciki bushe. In aka buga da ƙarfi kumfa za ta taso ta ƙi kwanciya sai bayan awanni, don furotin da kumfa abokan juna ne. Idan ya narke a sa fantenol.

A wani kofin, a dama zantan gam cikin giliserin har ya yi sumul, a zuba maganin hana lalacewa a ciki a ƙara damawa. Hikimar ita ce ta koko: wanda ya zuba gari kai tsaye a ruwa gudaji zai samu. A tsiyaya wannan damammen cikin ruwan kolajin ana juyawa, a rufe minti 20 zuwa 30 ya kumbura, a sake juyawa.

Sai gwajin pH. Ana so ya tsaya tsakanin 5 da 5.5, kusa da na fatar mutum. In ya haura, a narkar da giram 1 na sitirik asid (citric acid) a ruwa giram 9, a riƙa ɗigawa ɗigo ɗaya, a juya, a jira minti ɗaya, a sake gwadawa. Gaggawa a nan ita ke sa a zarce zuwa 4 a dawo ana neman gyara. Ruwan lemon tsami ba madadin sitirik asid ba ne, yana shigo da sukari da ƙwayoyin cuta. A zuba a kwalba mai famfo ko mai ɗigo, a rubuta kwanan wata.

Mai son abin da zai taimaka wa tabon ƙuraje da rashin daidaiton kala za ta iya ƙara giram 3 na niyasinamaid, ta rage giram 3 daga ruwa. Suna zama lafiya da kolajin a wannan pH ɗin.

Me ya sa kashi 2 kawai? Saboda daga 1 zuwa 3 ne yake bada laushi ba tare da damuwa ba. A kashi 5 fuska ta fara danƙo, ta riƙa ɗaurewa in ya bushe, hoda ta riƙa murjewa a kai, ƙarni ya fito fili, kuma an ninka wa ƙwayoyin cuta abinci. Yawan zubawa ba ya ƙara komai sai asara.

Maganin hana lalacewa

A nan ne mafi yawan kayan gida suke faɗuwa, don haka za mu ɗan tsaya. Bitamin E ba maganin hana lalacewa ba ne, mai kawai yake karewa daga yin gafi. Zuma ba shi ba ce da zarar an tsinka ta da ruwa. Man darbejiya, man habbatussauda da man kanumfari ba su isa ba. Firji ma ba shi ba ne, ko da wuta ba ta ɗaukewa, balle kwalbar da za ta kwana a jakar mai saye cikin adaidaita sahu.

Euxyl PE 9010 kashi 90 nasa fenoksi-etanol ne, kuma iyakar fenoksi-etanol a kayan shafawa kashi 1 cikin ɗari ce, shi ya sa giram 1 a cikin 100 ya isa, kada a wuce. In Liquid Germall Plus aka samu, giram 0.5 ne iyakarsa, a cike gurbin da ruwa, a zuba shi ƙasa da digiri 50, kuma kada a sa shi a abin fesawa, ko na leɓe, ko na ƙananan yara. Masu son sodiyam benzowet da fotasiyam sobet su sani cewa ba sa aiki sai a ruwa mai ɗan tsami, pH 5 ko ƙasa, don haka wanda ba shi da abin gwaji mai kyau ya bar su.

Abin tsoron shi ne kaya yana iya cika da ƙwayoyin cuta tun ido bai gani ba, hanci bai ji ba. Kafin fumfuna ta bayyana a baki-bakin murfi an daɗe da wuce wurin. Kuma wannan abu ne da ake shafawa kusa da ido, da kan ƙurajen da aka matse.

Haɗi na biyu: man hunturu, giram 100

Ruwan shafa fuskar da muka haɗa shi kaɗai bai isa ba daga Disamba zuwa Fabrairu. Kolajin da giliserin masu jawo ruwa ne, idan kuma iska ta bushe ƙamas babu inda za su jawo shi sai daga fatar kanta, ya tashi ya bi iska. Shi ya sa wata za ta ce ta shafa amma bayan awa ɗaya fuskarta ta fi da ɗaurewa. Maganin shi ne mai da zai rufe danshin, kuma Allah ya hore mana man kaɗanya.

Kofi na ɗaya: ruwa 63.7, giliserin 4, zantan gam 0.2, EDTA 0.1.
Kofi na biyu: man kaɗanya 8, man riɗi ko man zaitun 7, kakin haɗa ruwa da mai irin Polawax 5, setil alkohol 2.
Kofi na uku: ruwa dafaffe da ya huce 6, garin kolajin 2, Euxyl PE 9010 1, bitamin E 0.5, turaren kayan shafawa 0.5.

Man kaɗanyar kasuwa sai an narkar an tace shi da farin ƙyalle mai tsabta kafin a auna, don akwai ɓawo da yashi a ciki. Wanda ya riga ya yi gafi babu abin da zai gyara shi. Setil alkohol kuma ba barasa ba ce, farin kaki ne da ake samu daga mai, yana bada kauri da santsi.

A dama zantan a giliserin kamar dā, a zuba a ruwa. A auna nauyin kofi na ɗaya gaba ɗaya a rubuta. A sa kofi na ɗaya da na biyu cikin tukunya mai ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, har dukansu su kai digiri 70 zuwa 75, kakin ya narke babu ko ƙwaya. A sake ɗora kofi na ɗaya a sikeli, a cike abin da tururi ya ɗauke da tafasasshen ruwa. A juye mai cikin ruwa, a buga da bilenda ko maburgi minti biyu zuwa uku, kan bilendar yana nutse don kada ya ja iska. Nan take zai koma fari kamar kindirmo mai ruwa. Kada a damu da rashin kaurinsa, sai ya huce yake kama jikinsa.

A ɗora kofin cikin kwano mai ruwan sanyi ana juyawa da cokali ba tsayawa. Saurin hucewa yana hana man kaɗanya yin tsaki-tsaki. Kafin nan an riga an narkar da kolajin a ruwansa giram 6. Idan ma'auni ya nuna 40, a zuba shi, a bi da maganin hana lalacewa, bitamin E da turare, ana juyawa sosai bayan kowanne. Ba wai zafi zai kashe feftayid ba ne, an riga an dafa su tun a masana'anta. Abin da zafi yake yi shi ne ya duhunta kala, ya tayar da ƙarni, ya kuma kori turaren.

Don gwada pH na mai, a dama giram 1 a ruwa giram 9 a tsoma takarda. Sannan a rufe kofin da ƙyalle mai tsabta a bari ya huce sarai kafin a ɗura. Man da aka rufe da ɗumi yana yin gumi a ƙarƙashin murfi, wannan gumin ruwa ne da babu magani a cikinsa, kuma nan fumfuna take fara fitowa. Cikakken kaurinsa sai washegari.

Da bazara a mayar da man kaɗanya 4, kakin haɗi 4, a ƙara giram 5 a ruwa. Masu fuska mai maiƙo su tsaya a kan ruwan fuskar kawai.

Abubuwan da ba sa shiri da shi

Duk wanda ya taɓa leƙa majema ya ga darasin da idonsa. Bagaruwa ake jiƙa fata a ciki, abin da ke cikinta mai ɗaure baki yana damƙe kolajin ya ƙanƙame shi. Abin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa garin da ke cikin kwalba. A haɗa ruwan kolajin da ruwan bagaruwa, ko shayi mai kauri, ko ɓawon rumman, ko lalle, za a ga ya yi dishi-dishi, daga baya wani abu ya kwanta a ƙasa. Alimun ma haka, sifirit mai yawa ma haka. Masu gyaran jiki su raba su, kowanne da lokacinsa.

Zuma da sukari suna haɗuwa da furotin a zafi su yi launin ƙasa, yadda bayan burodi yake yi a gashi. Man da aka ɗura fari sai ya koma kalar ƙasa-ƙasa cikin makonni a ɗaki mai rufin kwano. Bitamin C na asali yana buƙatar pH ƙasa da 3.5, shi ma yana duhunta haɗin, a bar shi a kwalbarsa daban. Ɗanyar gwanda da abarba suna da sinadarin cin furotin, ga kuma ƙwayoyin cuta da suke shigowa da su. Kabomar, wanda ake yin farin jel da shi, yana tsinkewa ya koma ruwa idan ya haɗu da furotin da gishiri, shi ya sa muka zaɓi zantan. Shi kuma zantan in ya wuce 0.5 sai yauƙi irin na karkashi.

A sabulun da ake dafawa da soda asara ce, sodar za ta cinye shi ta bar wari. A sabulun salo ma ruwa ne zai wanke mafi yawansa. Inda yake da ɗan amfani shi ne sabulun ruwa na wanka ko na gashi, kashi 1 yana rage gautsin da kumfa ke bari. A dilka ko kwaɓin fuska, a narkar da rabin ƙaramin cokali a ruwa a zuba a wanda za a shafa yanzu-yanzu, abin da ya rage a zubar, kada ya kwana.

Akwai haɗi ɗaya da muke roƙo a daina, shi ne zuba kolajin cikin man da aka matse wa tubabban magani masu siteroid irin kilobetasol don neman haske. Siteroid yana hana fata ƙera nata kolajin, shi ne yake sirantar da ita har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage ta. Garin da ke zaune a sama ba zai rama ɓarnar da ake yi a ƙasa ba. Mai son kare kolajin jikinta ta fara da barin waɗannan mayukan, ta kuma kare fuskarta daga ranar tsaka, domin hasken rana shi ne babban mai karya shi.

Gwaji a jiki da yadda ake shafawa

Mai borin jini ko kumburi idan ta ci kifi kada ta kusance shi. Kada a shafa a kan rauni, ko fatar da ta tsattsage tana ruwa, ko ta yaro mai ƙaiƙayin fata, domin ta ɓarakar fata ne jiki yake koyon ƙin furotin. A Jafan an janye wani sabulu mai daddatsen furotin alkama a 2011, bayan mutane da yawa da ke wanke fuska da shi sun wayi gari ba sa iya cin alkama ba tare da jikinsu ya tashi ba. Saboda haka a rubuta a jikin kwalba da manyan baƙi cewa akwai kifi a ciki.

Kowa kuma ya fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, ya bari kwana biyu. In babu ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, a kai fuska. Idan leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a wanke a nufi asibiti nan take.

Ɗigo uku zuwa huɗu sun isa fuska da wuya. A shafa a kan fata mai ɗan danshi, bayan wanka ko alwala, a bi da mai kafin minti biyu. Ruwa yana narkar da shi, ba ya yin shamaki irin na janfarce, amma hakan na nufin kowace alwala tana wanke shi, don haka wanda aka shafa bayan Isha shi ya fi daɗewa yana aiki.

Kafin a sayar

Daga kowane sabon haɗi a ware kwalba uku: ɗaya a ɗaki, ɗaya a firji, ɗaya a wuri mafi zafi a gidan, wanda da bazara yake kai digiri 40. Duk mako a duba kala, ƙamshi, kauri da pH, a rubuta a littafi, har mako takwas zuwa goma sha biyu. In mai ya taso sama ruwa ya kwanta, ko dai kofunan biyu ba su kai zafi ɗaya ba, ko bugun bai isa ba, ko kakin ya yi kaɗan. In pH yana hawa da kansa, ko kwalba ta kumbura, ko ruwan da yake garau ya yi gajimare, ko wari irin na fitsari ya fito, ƙwayoyin cuta ne suke cin furotin. Ba a gyara shi da ƙarin magani ko turare, zubarwa ake yi gaba ɗaya.

Ido da hanci ba sa maye gurbin ɗakin gwaji. A kai samfur a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke ciki. Ma'aunin da duniya ke bi shi ne kada su wuce 1,000 a giram ɗaya, na gefen ido da na yara 'yan ƙasa da shekara uku kuma kada su wuce 100. Kayan da za a sa a kasuwa da suna da lakabi sai da rajistar NAFDAC. Kafin a kai ga gwaji, a yi kaɗan-kaɗan, a rubuta wata uku a matsayin wa'adi, a fifita kwalba mai famfo a kan gwangwanin da ake tsoma yatsa.

Shi kuwa garin da ya rage, a raba shi ƙananan ledoji masu zif na giram 20 ko 25, a matse iskar, a zuba su a kwalbar gilashi mai murfin roba tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko magani. A ajiye a kabad mai duhu nesa da madafi. Kada a sa a firji, don duk fitarwa sai ya yi gumi. A watan Agusta, ledar da aka bari a buɗe rabin awa ta isa ta sa garin ya fara dunƙulewa. In ɗan dunƙulen yana murjewa da yatsa ya koma gari, da sauransa. In ya zama dunƙule mai danƙo mai kalar rawaya yana manne wa leda, ya tashi daga aiki.